Tsagar da Surukina Ya Toshe

Shekara talatin da ɗaya bangon ɗakin Yaya yana tsaye, ko layi bai taɓa yi ba, sai da Mai Bulo ya sayi kangon da ke jikin gidanmu. Mai Bulo muke ce masa don da sayar da bulo ya yi arziki. Ya zo ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce shago zai gina, hawa ɗaya, har inuwa zan samu. Na ce Allah ya sa albarka. Da na san abin da zan gani, da na bar bakina a rufe.

Ramin tushen da suka haƙa ya fi tsayin mutum, kuma a gindin bangona suka haƙa shi, ko taki ɗaya ba su bari ba. Bayan bangon nan kuwa gadon Yaya ne. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara tara, kuma tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta tashi sai an ɗaga ta. Bakinta ne kaɗai bai shanye ba. Ita ta fara ganin tsagar, tunda ba ta da aikin da ya wuce kallon bango.

"Auta," ta ce, "ko idona ne, ko gizo-gizo ya ja zare daga taga har ƙasa."

Ba zare ba ne. Na karyo tsinken tsintsiya na zura, ya shige daidai. Ni ban yi makaranta ba, ban san awon magina ba, amma na san abin da ya shiga rami da abin da bai shiga ba. Na jefa tsinken a gwangwanin madara na rufe. Ranar da suka zuba kankaren hawa na farko, tsinke ya yi wa tsagar kaɗan, sai ashana. Da suka ɗora hawa na biyu, ƙusa ta shige. Bayan sati uku, ƙotar cokalin shayi. Kowanne na ajiye a gwangwani. Ƙofar ɗakin ma ta daina rufuwa sai an sa kafaɗa.

Na sami Mai Bulo a bakin gininsa yana ƙirga tifar yashi. Ya ce gidana ne ya tsufa, kamar yadda muka tsufa ni da shi. Na ce ya tsufa shi kaɗai. Ya zaro takarda daga mota ya kaɗa min a fuska, wai izinin hukuma ne, in karanta. Ya san sarai ba na karatu. Na ce masa karatu ne ban iya ba, amma ƙirga na iya: hawa ɗaya ya faɗa min, ga biyu a tsaye, ga rodi ya miƙe sama yana jiran na uku.

Ban gaya wa 'yata zan je ofishin tsara gari ba. Tare muke zaune da ita da mijinta, kuma na san halinta, ko kaza ta harare ta sai ta ba ta haƙuri. Cewa za ta yi in bari, masu kuɗi ne, mu su wane ne. Na ce mata kasuwa za ni.

Ofishin a hawa na uku yake, kuma na'urar hawa ta mutu, an jingina mata kujera. Sau uku gwiwoyin nan nawa suna hawa matakalar. Zuwan farko aka ce in kawo hoto. Na biyu na yini a layi, da na iso gaba aka ce wannan tagar ta masu allon talla ce. A na uku na wuce kai tsaye teburin matar da ke riƙe da hatimi, mai tabarau ɗaure da igiya a wuya, na shimfiɗa mayafina a ƙasa na zauna. Ta ce in tashi, ana kallo. Na ce a kalla, da ma don a kalla na zauna, kuma in bango ya danne min 'yar'uwa, nan gaban teburinta zan kawo gawar ta buga mata hatimi.

Ta cire tabarau ta dube ni, sannan ta jawo fom ta cike da hannunta, na dangwala yatsa. Ta ce ranar Laraba mai duba gini zai zo. Ta riƙe hannuna kafin in miƙe.

"Mama, kada a taɓa komai. Abin da idonsa ya gani shi zai rubuta. In bai ga ɓarna ba za a rufe fayil ɗin, sabo kuma sai ya bi layi, wata uku ko huɗu."

Wata uku. Ni kuwa da kunnena na ji shugaban magina yana gaya wa leburori ranar Asabar za a kawo injin kwaɓa siminti a zuba hawa na uku.

Nan ne na yi nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar Litinin na ce wa 'yata mai duba gini na hukuma zai zo gidan nan jibi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce ni na kira shi ba, ban ce kada a taɓa komai ba, don ba na son kuka da roƙo. Na ga fuskarta ta canja, na share.

Talata ranar asibitin Yaya ce. Muka fita da safe a motar haya, ba mu dawo ba sai la'asar. Tun daga ƙofar gida warin fenti ya tare ni. Na bar Yaya a hannun direba da 'yata na shige ɗakin. Bango fari fat, sumul, daga taga har ƙasa, kamar ɗakin otal. Surukina na tsaye a tsakiya, siminti har gwiwar wandonsa, yana murmushi yana jiran a sa masa albarka. Gyaran fanka da firji ne sana'arsa, amma a ganinsa babu abin da ya fi ƙarfin hannunsa a duniya.

Ya ce in kwantar da hankalina, ko da tocila mutumin ya zo ba zai ga komai ba. Famfon tsakar gida ma ya gyara, ya share kwata, ya ɗaure wayar wutar da ke lilo.

Ka ga, a layinmu kowa ya san abu ɗaya game da masu duba gini: in sun zo, laifi suka zo nema. Bara sun ga barandar tela ta tsage, suka manna masa takarda suka garƙame shagon wata biyu. Tun daga ranar, da an ji za su biyo, kowa sai ya kwaɓa siminti ya ɗauko fenti. Surukina abin da kowa ke yi ya yi. Ya rufe shagonsa yini guda don ya rufa min asiri.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da ya auri 'yata. Ranar na ɗaga. Na ce masa sau uku na hau bene da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa don a zo a ga wannan tsaga, shi kuma ya shafe min ita da rana ɗaya, ya yi wa Mai Bulo aikin lebura kyauta. Murmushin ya bushe a fuskarsa. 'Yata ta fara kukan da nake gudu. Na ɗauko taɓarya zan fasa, ya tare ni, ya ce in na fasa yanzu cewa za a yi ni na farfasa bangona don in ƙulla wa maƙwabci sharri. Na tsaya da taɓarya a hannu. Sakarai ne, amma wannan karon ya yi gaskiya.

Muka kwantar da Yaya a gadonta, don babu wani gadon a gidan da za a iya juya ta a kai. Na so tsagar ta dawo fiye da yadda na taɓa son ta tafi. Da, ina ganinta, na san inda ta kai. Yanzu tana can ƙarƙashin fenti tana aikinta, ni kuwa ban san ko cokali ne ko ludayi ba. Duk motar da ta wuce a titi sai na ɗora tafina a bango.

Laraba da hantsi mai duba ginin ya iso. Dogo ne, da hular kwano a hammata da fayil a hannu, fuskarsa ta mutumin da ya gaji tun kafin ya fito daga gida. Mai Bulo ya biyo shi har ƙofar ɗakin, wai ya zo gaida mara lafiya. Mutumin ya dubi bango, ya dubi takardarsa, ya sake duban bango.

"Mama, ina tsagar?"

Yaya ce ta amsa daga kan gado.

"Ɗana, ta ji za ka zo, shi ne ta yi kwalliya."

Ya yi dariya, Mai Bulo ya fi shi ƙarfin dariya. Na ba shi labarin surukina, wanda ya maƙale a bayan ƙofa kamar tsohuwar laima. Ya saurara, ya ce ya yarda da ni, amma shi ba a ba shi damar rubuta labari ba, sai abin da ya gani. Ya cire murfin biro. Na ga bakin biron ya sauka a kan takarda, na ga Asabar, na ga injin siminti, na ga bulo a kan ƙirjin Yaya.

Na jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado na juye shi a kan fayil ɗinsa. Tsinke, ashana, ƙusa, cokali. Mai Bulo ya ce yanzu kuma shara ake zuba wa ma'aikacin gwamnati. Ban kula shi ba. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya: wannan ranar haƙa rami, wannan ranar hawa na farko, wannan ranar hawa na biyu.

Mai duba ginin ya dakatar da ni, ya tambaya ko hawa na biyu na ce. Na ce ya leƙa taga mana, ai ba a aljihu aka ɓoye shi ba. Ya buɗe wata takarda can ƙasan fayil, ya bi ta da yatsa, ya ce izinin hawa ɗaya ne. Mai Bulo ya ce takardar ƙarin tana kan hanya, kwana biyu ta fito. Zuciyata ta yi sanyi, amma bai bar ni na ji daɗin ba. Ya ce wannan magana ce daban, ta wani ofis, za a aika wa mai ginin sammaci, kuma hakan na ɗaukar makonni. Shi ba zai iya tsayar da aiki a yau ba sai in ya ga haɗari da idonsa.

"To buɗe idon," na ce. "Kana tsaye zan yi, kada gobe a ce ni na fasa."

Na ɗauki cokalin na je ƙarƙashin taga, inda na san ta fara, na kafa shi da dukkan ƙarfina. Simintin kwana ɗaya ne, kuma ashe fatar sama kawai ya yi. Ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. A ciki takardun buhun siminti ne surukina ya cusa don kada kwaɓin ya zurare. Na riƙa jawo su ina zubarwa, ina bin layin har ƙasa, fenti na zuba min a ido. Da na gama na juya cokalin na zura ƙotarsa, yadda na yi ranar Litinin, lokacin da ta tsaya cak.

Ta wuce. Cokalin gaba ɗaya ya suɓuce daga hannuna, muka ji ƙararsa can ciki. Na sa yatsu biyu, suka shige, iska mai sanyi ta taɓa su. Ta cikin tsagar muna jin leburori suna hira kamar a ɗakin suke.

Babu wanda ya yi dariya. Mai duba ginin ya haska tocila ciki, ya auna da tef a wuri uku. Ya ɗauki kwalbar maganin Yaya ya kwantar a tsakiyar ɗaki, ta gangara da kanta har ta bugi bangon. Sai ya sa hular kwanonsa a ka, a cikin ɗaki, ya ce a fitar da tsohuwa yanzu, ba anjima ba.

Surukina ne ya sunkuce ta. Tana wucewa ta gaban Mai Bulo ta ce masa ta gode da dubiya.

Mai duba ginin ya fita da gwangwanin jan fenti ya zana babbar alama a ƙofar ginin Mai Bulo, ya sallami leburori, ya ce duk wanda ya ɗora ko bulo ɗaya zai kwana a hannun hukuma. Sannan ya dawo ya zana irinta a ƙofar ɗakin Yaya. Na ce wannan wane irin zalunci ne, ni fa na kawo ƙara.

"Mama, in ya tashi faɗuwa ba zai tambayi wanda ya kawo ƙara ba."

Kafin ya rufe ɗakin ya manna wani siririn gilashi a kan tsagar, rabi a wannan gefe rabi a wancan. Ya ce in riƙa leƙawa ta ɗaya tagar, ta wajen tsakar gida, safe da yamma. In gilashin ya fashe, bangon bai daina tafiya ba, mu bar gidan gaba ɗaya mu kira shi. In bai fashe ba zuwa Litinin, zai zo da injiniya, a tilasta wa Mai Bulo ya tokare tushen ya gyara min bango.

Yau Asabar. Injin simintin ya zo da sassafe, direban ya ga jan fenti, ya yi waya mai tsawo, ya juya. Yaya na falo a kan katifa biyu, tana mitar an raba ta da bangonta, yanzu sai fuskar suruki take kallo. Shi kuwa ko fanka ta tsaya sai ya tambaye ni kafin ya taɓa.

Safe da yamma aka ce in leƙa. Tun wayewar gari na leƙa sau bakwai. Gilashin yana nan.