Ɗigon Ido da Ƙofar Hagu

Jan-Ido ya sake satar kallon ƙofar hagu, ya yi maza ya kau da kai kamar wanda aka kama yana leƙen tukunyar maƙwabta. Aiki ne ya jawo masa wannan suna. Shekaru ya yi gaban kwamfuta yana shigar da bayanan kamfani, har idanunsa suka rine, surukarsa ta fara tambayar 'yarta a ɓoye ko mijin nata ya fara shaye-shaye.

Yau kamfani ya kawo ma'aikatan lafiya, don Manaja ya gaji da kurakurai a takardu. An ba su ɗakuna biyu a ƙarshen baranda. Na dama na gwajin ido ne, layinsa har bakin matakala. Na hagu na ba da shawara ne da gwajin cutar ƙanjamau, ko ƙuda bai shiga ba. Nas ɗin da ke ciki ta gyara kujeru, ta sake gyarawa, ta koma fifita da kwali.

Ba tsoron allura ya hana mutane ba. Anti Rediyo ce, sakatariyar Manaja, da ta dasa kujera tsakanin ƙofofin biyu wai ƙafarta na ciwo. Matar da in ka yi atishawa a ƙasa, kafin ka hau bene an fara tambayar wa zai gaji teburinka.

Shi kuwa Jan-Ido ƙofar hagu ce ta kawo shi. Matarsa na ɗauke da cikin fari, kuma bara da aka tura shi kwas wani gari ya yi abin da ba ya cikin darasi. Tun daga nan tsoro ya tare a ƙirjinsa, ko ƙurji ya fito masa sai ya fara tunanin wasiyya. So yake ya sani, saboda ita da abin da ke cikinta. Amma ba ya son Anti Rediyo ta riga shi sani.

"Jan-Ido, me kake ta kallo can?" in ji ta.

"Ni? Ai ba na gani, Anti. Shi ya kawo ni."

"Ato. Na ce ko ɓatan hanya ka yi."

Da layi ya zo kansa, likitan ido ya haska masa fitila ya yi tsaki.

"Kai kana ƙifta ido kuwa?"

"Likita, in na ƙifta Manaja zai ce barci nake."

"To, ka riƙa ɗauke ido daga allon kana kallon nesa. Yanzu zan ɗiga maka magani in duba can ciki. In ya kama, za ka ga dishi-dishi zuwa yamma, haske kuma zai dame ka. Kowa na ɗiga wa, har waccan mai kujerar. Ita ta fara, wai abin kyauta ba ya wuce ta."

Da ya fito, rana ta cika barandar, ma'aikata sun jeru kowa ya rufe fuska da hankici yana hawaye. Manaja na can yana yi wa labule faɗa kan makarar zuwa aiki. Jan-Ido ya ce a ransa, in ba yau ba sai yaushe? Ya bi bango da lalube, ya faɗa ƙofar hagu.

"Zauna, ka ci sa'a babu kowa," in ji nas. "Tun da maganin likitan nan ya fara kama mutane ake ta shigowa, ko ruwa ban sha ba."

Ta tambaye shi, ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta ce ko an samu akwai magani, kuma ana kare jariri in an sani da wuri. Ta soke masa yatsa, ta ɗora auduga. Suka jira. Can ta miƙo masa ɗan abin gwajin.

"Ka gani?"

"Sista, ko giwa ce a kai ba zan gani ba. Don Allah faɗa mini."

"Babu. Amma ka kawo matarka a gwada ta, kuma kwas na gaba ka tsaya a kwas. Bi ta ƙofar baya."

Ya fita yana jin kamar an sauke masa buhun siminti. A matakalar baya ya yi tuntuɓe da mutum zaune. Kafin ya ce yi haƙuri, ƙamshin turare ya faɗa masa Anti Rediyo ce. Ta kamo hannunsa, yatsanta ya taɓa audugarsa, nasa ya taɓa tata.

"Jan-Ido, kai ne?"

"Ba ni ba ne, Anti."

"To. Ni ma ba ni ba ce."

Ya jira ta saki hannun, ba ta saki ba. Hawayen da yake ji a muryarta ba na maganin likita ba ne.

"Ka ɗan zauna," ta ce a hankali. "Har in fara gani."

Ya zauna.