Ranar Da Jirgi Ya Dawo Funtuwa

Malam Maitama na Maska ba ya shiga Funtuwa bai ratsa ta tsohuwar tashar jirgi ba. Nan ubansa ya yi dakon auduga, zamanin da taragu ke cika maƙil su nufi Zariya, jirgin fasinja kuma ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda. Yanzu fa? Mata na shanyar barkono a dandamali, awaki na barci a ɗakin tikiti. Duk wanda ya zauna da Maitama sai ya sha wannan labari, ya kuma ji addu'arsa: Allah Ya dawo da jirgi kafin ya mutu.

Ran nan ya kawo masara a amalanke. Ya kwance Goshi, sa ɗaya tilo da ya rage masa na huɗa, ga damina ta ƙarato. Ya zura igiya ƙarƙashin ƙarfen dogo kamar yadda kowa ke yi, ya yi mata mugun ƙulli, don Goshi gwanin kwancewa ne. Sannan ya tsuguna gaban Gwaggo Sabuwa mai fura.

Ludayi na bakinsa ya ji ƙasa tana rawa. Sai jiniya.

"Gwaggo, me nake ji haka?"

"La'ilaha illallahu! Malam, jirgi ne!"

Jirgi kuwa! Kan jirgi ne da tarago ɗaya, wai an turo shi gwajin hanya, ba wanda ya sanar da kowa. Gari ya ɗauki ihu, mata na guɗa, wasu na kwasar barkono. Maitama ya miƙe baki buɗe, hawayen murna har gemu. Wallahi ya manta da Goshi sarai, sai da ya ji kukansa.

Ya ruga ya faɗa kan ƙullin. San ya firgita yana fizga, duk fizga ƙulli na ƙara cijewa. Ya sa farce, ya sa haƙori, ina!

"Wuƙa! Jama'a, wuƙa! A yanke igiya!"

Wa zai ji shi cikin wannan guɗa? Direba ya danne birki, ƙarfe na ƙara kamar ana wasa gatari, amma jirgi ba amalanke ba ne da za a ce masa tsaya ya tsaya. Gwaggo ce ta finciko rigar Maitama, suka zube gefe tare.

Da ya ɗago, Goshi na kwance, ƙafafun baya sun karye, ido na juyawa. Sai ga Awaisu mahauci a guje yana haki, wuƙa a hannu.

"Malam, ga wuƙar. Ka yi sauri kada ya zama mushe."

Maitama ya dubi jirgin da ya yi shekaru yana roƙo, ya karɓi wuƙar. Ya juyar da kan Goshi gabas, ya yi bisimilla.