Jiƙaƙƙen Wando

Ko hannu bai tsaya wankewa ba ya baro gareji. Da baƙin mai a faratansa ya banko ƙofar wurin koyon iyo, mai gadi na bin sa yana cewa a cire takalmi, bai ko waiwaya ba. Warin maganin da ake zuba wa ruwan ya daki hancinsa, ya ƙara tunzura shi.

Da hantsi uwar yaransa ta kira shi ta ce Auta ta ƙi cin abinci, sai kuka take yi, wai koci ta ce ba za ta saka ta a gasar zaɓen 'yan wasa ba muddin da kayan tirenin za ta shiga ruwa. Shi kuwa sharaɗinsa ke nan tun ranar da ya yarda ta fara iyo: riga mai zif har wuya, wando mai kauri har idon sawu. Da kansa ya zaɓo su a kasuwa. An taɓa turo masa hoton wata doguwar rigar iyo, wai tana rufe jiki duka, ya ce wannan ai fenti ne, ba sutura ba.

Ya tarar da kocin a bakin ruwa, gajeruwar mace mai usur a wuya. Auta ta riga shi zuwa, tana can cikin ruwa a layin ƙarshe, baƙaƙen kayanta sun kumbura a bayanta. Tana hango shi ta kama igiya ta tsaya.

"Malama, yarinyar nan ke kika haife ta ko ni?"

Kocin ta gaishe shi, bai amsa ba. Ta ce ta sha aika masa ya zo ya ga yadda 'yarsa ke iyo, bai taɓa zuwa ba. Duk cikin yaranta babu mai ƙarfin hannun Auta, amma kayan nan shan ruwa suke yi, suna jan ta ƙasa. Kwanakin baya ma da sanda aka jawo ta daga wuri mai zurfi, yarinyar ta roƙa kada a faɗa a gida.

Makanikin ya yi tsaki. Ya ce shi ba yau ya san ruwa ba, yana yaro da riga da wando yake tsallake kogi. Raki ne kawai irin na yaran yanzu, su kuma manya suna neman dalilin tuɓe 'ya'yan mutane. Iyayen da ke zaune a benci suka juyo suna kallo. Fuskar kocin ta canja. Ta wuce ɗakin ajiya, ta dawo da kayan tirenin na wani ma'aikaci, ta dangwara masa a hannu.

"Saka, Baban Auta. Ka kai wancan bango ka dawo. In ka dawo, da kayan nan nata za ta yi gasar, ni zan tsaya mata."

Da ba a gaban mutane ba ne, da ya watsa mata su a fuska. Ya shiga ɗakin sauya kaya yana huci, ya fito ya ja zif har wuya, ya faɗa ruwa.

Da farko abin ya zo masa da sauƙi, har ya fara shirya baƙar maganar da zai yaɓa mata. Bai kai tsakiya ba hannayen rigar suka cika, kowace ɗagawa kamar yana ɗaga batirin mota. Wandon ya zame daga ƙugu ya naɗe masa gwiwoyi. Ya kai hannu zai jawo shi, kansa ya nutse. Ya miƙa ƙafa yana neman ƙasa, babu ƙasa. Ya kurɓi ruwa, ya taso, ya ga fitilun rufi suna juyawa, ya sake kurɓa. Ko a nan haushi yake ji, na wandon, na matar nan, na masu kallo.

Sai ya ji hannu a ƙarƙashin haɓarsa.

"Baba, daina kokawa. Kwanta a bayanka."

Ya kwanta. Yana jin numfashinta a kunnensa, tana jan sa da hannu ɗaya, ga nauyinsa, ga nauyin kayansa, ga nata. Kafin mai ceto ya iso ta kai shi gefe.

Ya daɗe durƙushe a kan tayil yana amayar da ruwa. Da ya ɗago, Auta ce zaune kusa da shi, leɓunanta sun yi fari, ƙirjinta na hawa da sauka. Rigar da ya saya don ta rufe ta, ta manne mata a jiki kamar fata ta biyu, ruwa na kwarara daga bakin wandon kamar an buɗe famfo. Ta tambaye shi ko ya ji ciwo. Wani abu ya taso masa daga ciki, ya rasa inda zai sauke shi, sai idonsa ya faɗa kan kocin da ke miƙo masa tawul.

"Ke wace irin malama ce? Kina ganin wannan masifa, kika bar yarinya tana shiga ruwa da ita duk tsawon lokacin nan?"

Kocin ta dubi Auta. Ta ce ya yi haƙuri.

Ya fizgi tawul ɗin ya miƙe, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando. A bakin ɗakin sauya kaya ya juyo ya nuna ta da yatsa, ya ce wallahi ya sake ganin 'yarsa a cikin ruwa da waɗannan kaya, sai ya kai ƙararta.

Kocin ta ce in sha Allahu ba zai sake gani ba.