Masaukin da Ke Karɓar Yara

Sailuba ta dire farantin shayi a kan teburin cin abinci har cokula suka yi ƙara, amma daga ɗanta har matarsa babu wanda ya ɗago kai daga kwamfuta.

"Dubi wannan, Mubina," in ji Munzali. "Ɗakuna kaɗan ne, tsoho da matarsa ke kula da shi. Ga rafi a bayan gidan."

"Na rubuta musu tun shekaranjiya. Ba sa karɓar ƙananan yara."

"Shi ma?"

"Shi ma."

Sailuba ta leƙa ta kan kafaɗar surukarta. Wani ɗaki ne fayau, babu gado, babu kujera, sai tabarma da katifa a ƙasa da ƙofa ta takarda. Abin da aka shafe wata guda ana zaɓe ke nan a wannan gida na Germantown. Mutum ya bar ƙauyen ubansa, ya yi karatu har gashin kansa ya zube, ya zo Amurka, sannan ya hau jirgi ya tafi Japan neman ƙauyen wasu don ya kwanta a ƙasa. Wai riyokan suke kiran irin waɗannan masaukai. Ita dai ɗakin tsohuwa ta gani.

Da kwanan ƙasa ne kawai, da ba ta damu ba. Yayarta Ɗija, wadda ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana kwance a ƙauyensu a bayan Gaya, ɓarin jiki ya shanye. In an kanga mata waya a kunne, maganarta sai an kasa kunne sosai, kuma kullum abu ɗaya take tambaya: yaushe za ki zo? Tun bara Munzali ya yi alkawari cewa in an ba yara hutun makaranta za ta tafi. Har abokiyar tafiya an samu, Rumasa'u, mai sayar da yaji da kilishi a Landover, wadda ta san hawa da saukar jirage kamar hanyar gidanta. Sai asibiti ya ba Mubina hutu a daidai wannan lokacin, sai maganar Japan ta taso. In masaukin ya karɓi jikokinta Hafiz da Umaima, iyayensu su tafi da su, ita ta bi Rumasa'u zuwa Kano. In bai karɓa ba, ita ce mai zaman gida.

Sailuba ba mace ce mai ɓoye magana ba. Ta taɓa tsayar da mai kanti a Landover ta gaya masa daddawarsa ta ruɓe, a gaban mutane. Amma Munzali ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta roƙe shi wani abu ido da ido ba. Haka aka yi mata tarbiyya, kuma ba a Amurka za ta koyi rashin kunya ba. Shi ya sa da safe ta danna wayarta ta aika wa Alhaji Ɗanliti saƙon murya, ta ce ya zo yau ko da rarrafe ne.

Bayan azahar ya iso daga Beltsville. Ɗan garin marigayi mijinta ne, ya yi shekaru yana aikin rediyo a Washington har ya yi ritaya, kuma shi ake kira in an yi rikici a gidajen Hausawa na yankin.

"Matar Yaya! Irin wannan kira haka, na ɗauka kin amince ne a ɗaura mana aure."

"Allah ya sawwaƙe mini tsoho mai ciwon gwiwa. Zauna, Alhaji. Ƙara na kawo."

"Wa ya taɓa ki?"

"Mai gidan nan." Ta nuna da haɓa, ba ta kalli ɗan nata ba. "Ka tambaye shi me ya ce mini bara a kan tafiya gida. Ka tambaye shi ko Yaya Ɗija dutse ce, da za ta zauna tana jiran sai ya gama yawon duniya."

Munzali ya sunkuyar da kai. "Baba, ban manta ba. Wallahi nema muke yi. Ba mu son barin yaran."

"To a tafi da su mana. Duk ƙasar Japan babu ɗakin da yaro zai kwana?"

Mubina ta juyo da kwamfutar ta fuskanci Alhaji. Idanunta sun faɗa, jiya ma a asibiti ta wuni. "Baba, bari ka gani. Ƙananan masaukan ƙauye ba kamar otal ba ne. Abin da suka dafa shi za ka ci, safe da yamma, babu wani gidan abinci kusa. Kuma da yawa suna sa giya a miya, wasu da naman alade. Sai na rubuta na tambaya ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yarda su yi mana kifi da ganye zalla ba su da yawa."

"Wannan kuwa dole ne," in ji Alhaji.

"Sannan wanka. Ruwan zafi ne ke fitowa daga ƙasa, an yi masa kwarmi, maza wuri ɗaya, mata wuri ɗaya. Amma kowa tuɓewa yake yi."

"Tuɓewa kamar yaya?"

"Tsirara, Baba. Ko ɗan kamfai ba a yarda ba."

"A'uzubillahi! Da baƙi?"

"Shi ya sa muke neman mai wurin wanka a cikin ɗaki. To masu irin wannan, waɗanda kuma suka yarda da maganar abinci, su ne ba sa son yara. Sun ce bangon katako ne, ƙofa ta takarda, mutane hutu suka zo yi."

Alhaji ya gyara tabarau ya matso da kujera. Aka nuna masa wani gida a gindin dutse, hayaƙi na tashi daga ruwa. Ya ce a ƙara girman hoton. Ya tambaya ko kifin ɗanye ne. Ya ba da labarin wani Bajapane da suka yi aiki tare, mutumin kirki, ba ya makara. Sailuba tana tsaye tana kallon alƙalin da ta kira yana lasar baki a kan hoton shinkafa.

"Alhaji, kallo na kira ka ko shari'a?"

"Ina zuwa, matar Yaya."

"Ba ka zuwa ko'ina. A manyan birane babu otal ne? Mai gado, mai banɗaki, wanda yaro zai yi tsalle ba wanda ya ce masa kanzil? Dole sai ƙauye? In ƙauye ake so, ga namu can, kyauta, har da wadda ke kwance tana jira."

Mubina ta tashi ta shiga kicin. Munzali ya bi ta da ido, bai tashi ba.

Alhaji ya kama hannun kujera ya miƙe da ƙyar, ya yafito Sailuba zuwa baranda. A ƙasa motoci na ta wucewa a babbar hanya. Ya rage murya.

"Hajiya, ke ma kina cikin gidan nan. Yaushe rabon da ki ji su suna hira?"

"Ba aikina ba ne sauraron bango."

"Yaron nan ya zo wurina kafin azumi. Maganar rabuwa har ta fara fitowa. Shi aiki, ita aiki, in ya shigo ta fita. Ni na ce su je wani wuri mai nisa, inda ba wanda ya san su, ba asibiti, ba ofis. Ba yawon banza ba ne."

Sailuba ta riƙe ƙarfen barandar. Ta lura da shirun, ba makauniya ba ce. Ta ga bargo a kan doguwar kujerar falo fiye da sau ɗaya, ta ninke ta ajiye ba ta ce komai ba. Amma ba ta san abin ya kai nan ba.

"Wato kai ne ka kitsa," ta ce. "Na kai ƙara gidan wanda ya yi laifin."

"Ban san ya zo daidai da tafiyarki ba."

"Auren zai iya jira wata biyu. Yaya Ɗija fa? Kai za ka tsaya mata?"

 Alhaji ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Daga ciki suka ji muryar Mubina, da ƙarfi, irin wadda Sailuba ta daɗe ba ta ji ba. "Munzali! Zo ka gani, sun amso!"

Suka koma falo. Miji da mata sun haɗa kai a gaban kwamfuta, kafaɗa na gugar kafaɗa. Wani gida ne a tsakiyar gonakin shinkafa, in ji Mubina, wata mata da 'yarta ke riƙe da shi. Sun yarda da maganar abinci. Akwai ɗan wurin wanka da iyali za su kulle su shiga su kaɗai. Kuma suna karɓar yara.

"Alhamdu lillahi," in ji Sailuba. Ta zauna a kujerar da ke kusa. "Alhaji, kira mini Rumasa'u."

"Tsaya, akwai saura," in ji Mubina, tana bin rubutun da yatsa. "Ɗakunan ƙanana ne, ba za su ɗauke mu duka ba, sai mun kama biyu. Kuma ba sa yarda yara su kwana su kaɗai. Dole kowane ɗaki da babba a ciki."

"To ke ki kwana da macen, shi ya kwana da namijin."

Munzali ya kalli matarsa, Mubina ta kalli teburi. Alhaji ya yi tari. Sailuba ta ji abin da ta faɗa, ta kuma tuna da bargon.

Sai fuskar Munzali ta washe, kamar lokacin da yake yaro in ya ci jarrabawa. "Inna, ai ga mafita! Mu tafi da ke. Ke da yara ɗaki ɗaya. Ki ga duniya, ki huta ke ma. Ruwan zafin nan an ce yana maganin ciwon ƙafa. In mun dawo, hutun ƙarshen shekara ni da kaina zan kai ki gida, wallahi, har ɗakin Gwaggo Ɗija."

"Kai, madalla!" in ji Alhaji. "Ba a bar yara ba, ba a bar uwa ba. Matar Yaya, za ki je Japan kafin ni."

Maganar tana bakin Sailuba. Ta san kowace kalma. Da mai kanti ne, da direban bas ne, da Alhaji ne shi kaɗai, da ta zazzage ta tas. Amma ɗan farinta ne ke kallonta, ga matarsa a gefe ta ɗora hannu a kan hannunsa, abin da Sailuba ba ta gani ba tun sallar bara.

"Hajiya," in ji Mubina a hankali, "in ba kya so, ki faɗa. Sai mu fasa."

Da gaske take yi. Sailuba ta gani a idonta, kuma wannan ya fi komai ciwo.

"Wa ya ce ba na so?"

"To sai fasfonki, Inna," in ji Munzali. "Gara mu nemi biza da wuri."

Ta shiga ɗakinta ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado. Fasfon yana aljihun gefe. A cikin jakar akwai man zafi, da safa masu kauri, da zannuwa masu laushi waɗanda ba sa cin fatar mai jinya, da wani kofi mai murfi da ɗan bututu wanda Mubina ta kawo daga kanti ta ce mai shanyewar jiki zai iya sha da shi ba ya zuba. Ta zare fasfon, ta zuge jakar, ta fito da su duka biyun. Fasfon ta ajiye a gaban surukarta. Jakar ta tura gaban Alhaji da ƙafa.

"Tunda ka iya shirya tafiye-tafiye, ka biya Landover ka ba Rumasa'u wannan. Hannu da hannu za ta ba Yaya Ɗija, ba 'ya'yanta ba, na san halinsu."

"To. Da wane saƙo?"

"Ta ce ina gaishe ta. Ta ce ina nan tafe."

Alhaji ya rataya jakar, ya nufi ƙofa yana ɗingishi. Har ya sa takalmi ta sake kiransa.

"Alhaji. In Yaya Ɗija ta tambaye ta yaushe, Rumasa'u ta yi kamar ba ta gane maganar ba."