Tsintsiya a Madubi

Duk unguwar Magajin Gari an san Obed da tsohuwar Golf ɗinsa, wadda ake jin tarinta tun kafin a hango ta. Kowace safiya yakan kai ta tasha, ya yi lodin fasinja zuwa Kaduna, ya ratsa dajin nan da mutane ba sa son kiran sunansa da ƙarfi. Matarsa Rachel kuwa, tun da hanya ta lalace da ɓarayin daji ta daina ce masa a sauka lafiya, wai maganar tana yi wa bakinta nauyi. Sai dai ta fito ƙofar gida da tsintsiya kamar mai shara, idan motar ta tashi ta ɗaga tsintsiyar sama. Shi kuma ya hango ta a madubin gefe, ya danna hon sau biyu. Ba su taɓa zama sun tsara haka ba, kuma da za ka tambaye su, kowa rantsuwa zai yi bai san zancen ba.

To gilashin madubin nan ya daɗe yana rawa. Ramukan hanya sun sassauta shi, har ya zama duk abin da ke bayan mota karkarwa yake yi a cikinsa. Obed kuma irin mutanen nan ne da ba sa gyara abu sai ya faɗi. Ran nan da safe yana sa giya, gilashin ya sunkuya, ya koma nuna masa tayar baya da wata kaza. Ya miƙa hannu ya tallafe shi, ɗayan hannun yana kan sitiyari, kafin ya ankara har ya sha kwana. Bai ga tsintsiya ba, bai kuma danna hon ba.

Da yamma ya dawo lafiya ƙalau, ya tarar da tuwo a rufe, amma mai tuwon fuskarta a ɗaure.

"Maman Blessing, sannu da gida. Kin san madubin nan ne ya..."

"Madubi ne ke danna hon?" in ji Rachel. "Ka ci tuwonka. Ni ma na gaji da share inda ba datti."

Washegari ba ta fito ba. Obed ya tayar da mota, ya kashe, ya sake tayarwa, ya yi ta ba ta wuta har maƙwabta suka leƙo, amma ƙofar gida shiru. Ranar ya shiga daji gabansa yana faɗuwa, kowane kututture ya zame masa mutum. Shekara da shekaru yana ɗaukar kansa jarumi, ashe rabin jarumtar a ƙofar gida ake ba shi ita. Ya san in bai dawo da matar nan bakin ƙofa ba, tuƙin nan ya kusa fi ƙarfinsa.

A tasha ya kai kuka wurin Abarshi, abokin tuƙinsa, mutumin da ba a taɓa kawo masa matsalar da ba shi da maganinta ba, ba a kuma taɓa jin maganin ya yi aiki ba.

"Cingam," in ji Abarshi. "Ka tauna da yawa ka manna."

Obed da furfurarsa ya zauna yana taunar cingam kamar 'yar sakandare, direbobi suna ta sheƙa dariya. Gilashin ya zauna daram har rana ta take, sannan cingam ɗin ya saki jiki, madubi ya koma kallon taya. Abarshi ya ce laifin cingam ɗin zamani ne, ya kawo ƙaro daga ƙauyen Kutemeshi, aka jiƙa aka shafa. Wannan kam ya kama, sai da ruwan sama ya tare su a hanya, ƙaro ya narke, gilashin ya zame sai a tafin hannun Obed. Haka ya shigo gari da madubinsa a aljihun gaba.

Dole ta kai shi wurin Habibullahi mai gyaran jikin mota. Habibullahi ya kankare cingam da ƙaro yana girgiza kai, ya goge bayan gilashin da fetur, sannan ya leƙa cikin gidan madubin.

"Baba Obed, abin da ke juya shi ya karye. Inda ka manna shi, nan zai zauna. Sai mutum ya tsaya bayan mota, kai kana kujerarka, ka saita, ka danne har gam ya kama, ka ɗaure da salatif ya kwana. Bari in tsaya maka."

"A'a, ba ni gam ɗin," in ji Obed. "A gida zan saita."

Ranar Asabar da la'asar ya ajiye motar daidai inda take kwana, ya yi kira daga waje. Rachel ta amsa daga tsakar gida cewa tana da aiki. Obed ya sosa ƙeya. Can ya shiga ya mirgino turmi, ya kafa shi a gefen ƙofa inda take tsayawa, ya soka tsintsiya a ciki, ya koma mota ya shafa gam. Yana cikin karkata gilashi yana neman turmi, sai ga zanen Rachel a cikin madubi.

"Baban Blessing, wannan kuma mene ne?"

"Ke ce," in ji Obed, tun kafin hankalinsa ya riski bakinsa.

"Ni ce turmi?"

"Wakilinki dai. Ke kin ce kina da aiki."

"Abin da ko ƙuguna bai kai ba? Wato ƙafafuna za ka riƙa gani kullum." Ta ture turmin gefe, ta zare tsintsiyarta, ta tsaya a wurin. "Saita da mutum. Kuma ka yi sauri, miyata na kan wuta."

Sauri kuwa ba ya yiwuwa, don gam ba ya jin lallashi. Ya ɗaga gilashin har fuskarta ta shigo, hanya ta fito a gefenta, ya danne. In ta motsa ya ce ta ɓata masa saiti, in ya saki hannu gilashi ya zame. Haka suka tsaya suna kallon juna ta cikin ɗan gilashin, abin da rabonsu da yi tun Blessing tana goye.

"Ranar nan," in ji Rachel a hankali, "duk babur ɗin da ya tsaya a layin nan sai na ce labari ya kawo. Hon ɗin nan shi nake riƙewa har yamma."

"Ni ma da ba ki fito ba, ban san yadda na kai Kaduna ba."

"Miyata ta ƙone," ta ce, amma ba ta motsa ba.

Ranar Litinin ya ɓare salatif. Gilashi ya zauna cif, ko gezau. Ya tayar da mota, ga Rachel a ƙofa tana share inda ba datti. Tsintsiya ta tashi sama, ya danna hon sau biyu. Da can daga nan komai sai ya koma karkarwa, shi kuma ya mai da ido kan hanya, yana ɗauka ta shige gida. Yau da madubi ya tsaya, sai ya ga sauran. Ta sauke tsintsiyar, ta dafa ƙirji da hannu ɗaya, bakinta yana motsi, idonta a kan motar, tana ƙanƙancewa a gilashi amma ba ta gusa ba. Ashe haka take raka shi kullum har kwana.

Obed ya rage gudu. Daidai kwanar ya sake danna hon, na uku, mai tsawo. Abu na ƙarshe da ya gani shi ne Rachel ta zabura kamar an kama ta da hannu a tukunya, ta sunkuya tana ta share ƙasa da ƙarfi.