Laktaye Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin da shida ina zaune a bayan keken ɗinki, saboda haka ba a kawo mini kaya da labari in haɗiye su tare. Kayan nake fara dubawa, labarin ya jira.

Ranar Talata da hantsi wata mata ta shigo shagona da jakar leda. Siririya ce, ba za ta wuce talatin da biyar ba, idanunta sun yi ja. Ta zazzage ledar a kan teburin yanka, sai ga laktaye, irin wanda ma'aikatan ofis ke ɗaurawa a wuya, har guda goma sha bakwai. Duk tsohon yayi ne, masu faɗin nan, wasu siliki, wasu sun koɗe a wajen ƙulli. Ta ce na babanta ne, tana so in farke su in haɗa ɗan bargon rufe ƙafa, ya zama abin tunawa.

Na ce Allah ya jiƙansa. Ba ta ce amin ba, sai ta kama ninke ledar.

Nan jikina ya fara ba ni. Na san kayan mamaci, an sha kawo mini. Warin akwati suke yi, ninkinsu ya kwanta har guga ba ta tayar da shi. Waɗannan kuwa turare ne sabo ke tashi daga jikinsu. Uku ma da ƙullinsu, kamar yanzu aka zare su ta ka. Wani mai ruwan toka akwai ɗigon shayi a tsakiyarsa, na taɓa na ji yana danƙo. Wane mamaci ne ya sha shayi yau da safe?

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne gaggawarta. Ba zane ta tambaya ba, ba launin shafi ba. So take in sa almakashi a gabanta, ko guda ɗaya kar in bari. Na yi mata bayani cewa laktaye ba a yi masa haka: sai an warware ɗinkin baya da reza, a cire cikon ciki, a goge, a manna masa shafi, don a karkace aka yanka shi, yana miƙewa. Ta ce ita dai a yanka.

Na ce a raina, ko dai mai aikin gida ce ta kwashe wa maigida kaya, ko kuma faɗa aka yi da miji za a huce a shagona. An taɓa yi mini haka da rigar wata, sai da na yi wata guda ina ba da haƙuri a kan laifin da ba nawa ba. Na ce mata almakashina ya dakushe, ta dawo gobe. Ƙarya na yi, kuma ta san ƙarya ce, don yana gabanmu yana ƙyalli. Ta tafi ta bar kayan, na ɗaure su a ledar na tura ƙarƙashin tebur.

Washegari ban gama share ƙofar shago ba sai ga ta. Ko zama ba ta yi ba ta tambaya ko na fara. Na jingine tsintsiya na ciro mai ɗigon shayin na ajiye a gabanta.

"'Yata, ba zan yanka ba sai na san mai su. Yana raye ko?"

Ta kalli laktayen. Sai ta zauna a bencin masu jiran gwaji.

"Yana raye, Mama."

Sauran ta faɗa mini kanta a ƙasa. Babanta shekara talatin da huɗu yana aikin ofis, ya yi ritaya tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Bara ƙwaƙwalwarsa ta fara barinsa. Kullum da safe zai yi wanka, ya tsaya gaban madubi ya ɗaura laktaye, ya sha shayi, ya nufi ofishin da tuni aka mayar da shi kantin taya. Sau biyu yana ɓata. Makon jiya direban tifa ne ya taka birki a gabansa a babban titi. Sun kulle ƙofa, ya fasa gilashin taga da hannu. Abu ɗaya ta lura da shi: bai taɓa fita aiki babu laktaye ba, ko sau ɗaya a rayuwarsa. In babu, ba zai taka ƙofa ba. Ta ɓoye su sau uku yana binciko su. Ba ta iya zubar da su, ba ta iya ƙone su, shi ne ta ce gara su zama abin da zai rufe gwiwarsa da shi.

Kunya ta kama ni. Na tambaye ta ko dabarar ta ci.

"Ta ci. Jiya da yau bai fita ba. Yana zaune a bakin gado da farar riga, ya ɗaga kwala, yana jira." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce mai aikin gidan nan ɓarauniya ce, in 'yarsa ta dawo daga makaranta za ta kore ni."

Ni ma abin da na ɗauke ta ke nan, ga shi har na kwana ina jin daɗin wayona.

Na jawo ledar na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta zaɓi wanda za a sa a tsakiya. Ta nuna wani shuɗi mai ɗigo-ɗigo, ta ce shi ya ɗaura ranar da ya fara kai ta makaranta. Yana cikin masu ƙulli. Na ɗauko reza, na kai hannu zan kwance ƙullin, ta riƙe ni.

"Bari ni in kwance, Mama. Shi ya ɗaura shi da hannunsa."

Ta sa farce ta fara ja, ƙullin ya ƙi. Na ajiye rezar na jira ta.