Ƙwai Bakwai a Akwatin Babana

Babana, Seu Anacleto, ya rasu lokacin da kogi ya janye, ya bar mana kwale-kwale ɗaya, da akwatin katako na tufafinsa, da Pitanga. Pitanga arara ce, irin manyan akun nan jajaye masu doguwar wutsiya. Tun ba ta da gashi ya tsince ta a gindin wata bishiya da aka sare, ya raine ta yadda mutanenmu ke yi, ya tauna ayaba da garin rogo ya ba ta baki da baki. Shekararta talatin da ɗaya a gidanmu, ta girme ni da biyu.

Duk shekara, da ruwa ya fara sauka, sai kanta ya juye. Ta baza wutsiya, ta bi ƙafar kowa da sara, ta shiga neman lungu mai duhu da za ta yi sheƙa. Baba ya san kanta. Ya kife kwanduna, ya toshe bayan kabad, ya daina ba ta abinci mai ɗumi, ya mayar da sandar zamanta baranda inda haske yake. Kuma ba a shafa mata baya, sai kai kawai. Ya kan ce duk wanda ya shafa bayanta, to neman aurenta yake. In ta yi ƙwai, ba ya taɓawa sai ta gaji don kanta ta bari.

Mamana, Dona Firmina, ba ta taɓa shiri da ita ba. Idon sawunta duk tabon Pitanga ne, ta kuma sha rantsuwa wata rana sai ta dafa ta da barkono.

Wata huɗu bayan rasuwar na baro shagon ɗinkin da nake aiki a birnin Santarém na zo duba Mama. Da rana tsaka na iso, ana yayyafi, na tarar da ɗakin Baba a rufe har tagogi. Akwatinsa na buɗe, an tokare murfin da guntun sandar tuƙa kwale-kwale. A ciki Pitanga ce kwance kan rigunansa, ta yayyaga su sun zama tsumma. Mama na zaune a ƙasa, hannunta ɗaya naɗe da ƙyalle, ɗayan yana shafa bayan tsuntsuwar, tana tauna ayaba.

Kafin in yi magana sai na ji babana. Ba muryarsa ta ihu ba, wadda Pitanga ta saba kwaikwayo tana cewa "Firmina, kofi." Wannan ƙasa-ƙasa take, har da 'yar shaƙewar da taba ta bar masa a maƙogwaro.

"Zo nan, 'yar ja. Ba komai, ina nan."

Na san tsuntsuwa ce, ina kallon bakinta, amma sai da na waiga bayan ƙofa.

"Mama, me nake gani haka?"

"Rage murya, Zuleide. Ubanki na magana."

"Ubana na can kan tudu a kwance. Wannan ita ce wadda kika ce za ki dafa."

"Ji 'yar birni. Ke da kika zo jana'iza da takalmi mai tsini, kika gudu kafin kwana bakwai, ke ce za ki gaya min inda yake?"

Na haɗiye, don gaskiya ta faɗa. Ta ce muryar ba ta fitowa sai tsuntsuwar na cikin akwatin ana shafa ta. A baranda sai ihu kawai.

A madafa na ga ƙoƙo da fararen ƙwai shida. Mama ta yi kiwon kaji duk rayuwarta, hannunta ya saba, da ta ga ƙwai sai ta ɗauke. Ta ce ba namiji, ruɓewa za su yi a kan rigunan mijinta. Arara kuwa biyu take yi, ko uku, in an ɗauke sai ta sake, ta yi ta sakewa har jikinta ya ƙare. Na koma ɗakin da sauri na duba Pitanga da kyau. Gashinta ya tashi, wutsiyarta na sama da ƙasa da kowane numfashi, ƙafafunta sun kasa ɗaukarta. Ƙwai na bakwai ya maƙale.

Na lulluɓe ta da tawul. Duk da haka sai da ta huda min babban yatsa, jini ya bi gwiwar hannuna. Na riƙe ta a kan tururin tukunya, na shafa mata man kwakwa mai ɗumi a ƙasa, Mama na tsaye a kaina tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Wajen la'asar ƙwan ya fito, ɓawonsa laushi kamar fata.

Na ɗauko guduma da ƙusoshi na nufi akwatin.

"In kin rufe shi, ba zai ƙara magana ba," in ji Mama.

"In na bar shi a buɗe, na takwas zai kashe ta."

"To ki bari sai gobe."

"Gobe ma haka za ki ce."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ni ma na daɗe riƙe da gudumar ina jira ko Pitanga za ta faɗa sau ɗaya tak, don ni Baba bai taɓa yi min magana da wannan muryar ba. Ba ta faɗa ba. Na buga ƙusa takwas, na buɗe tagogin.

Na bi duk abin da Baba ke yi. Sanda ta koma baranda, abinci ya zama ɗanyun 'ya'yan itace da dakakken ɓawon ƙwai, ba shafa, ba lungu. Cikin mako uku ta murmure, ta koma fasa mana kunne da neman kofi. Mama kuwa ta daina yi min magana, sai dai ta ajiye min kwano ta wuce.

Ana gobe zan koma, ina gurza rogo a baranda, Mama ta tafi gona. Sai na ji mace na kuka a bayana, irin kukan da ake toshe baki da zani kada maƙwabta su ji.

"Cleto. Haba Cleto, da wa ka bar ni?"

Mama kaɗai ke kiran Baba Cleto. Na juya. Ba kowa sai Pitanga a kan sandarta, ta karkata kai tana jan numfashi daidai yadda Mama ke ja. Arara ba ta ɗaukar abin da ta ji sau ɗaya ko sau goma, sai an yi watanni ana maimaita shi a kunnenta. Ni kuma ban taɓa ganin hawayen mamana ba, ko a bakin kabari.

Mama ta dawo daga gona, tana hawowa matakala da kwando a ka lokacin da tsuntsuwar ta sake kukan. Ta tsaya cak ta saurari kanta har ƙarshe, sannan ta sauke kwandon a hankali.

"Maƙaryaciya ce, tun fil azal," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Miƙa mata ayaba ta rufe mana baki."

Da safe jirgin ruwan Santarém ya tsaya a mashigarmu, ya yi ƙaho sau biyu. Ina jin sa, ban sauka bakin kogin ba.